Motar lantarki ta shigo gida: wane tsarin biyan kuɗin wuta ya fi dacewa?

Aminu Bradford: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. A nan Birtaniya nake, na sayi mota Kia Niro mai lantarki zalla, ta hannu, amma gidana yana nan kan tsarin wuta na gama-gari, wanda kuɗin yunit ɗaya ne dare da rana, wajen kwabo 26 (kwabo ɗari ne fam ɗaya). Wani abokin aikina ya ce in koma tsarin masu motar lantarki, wai da dare kwabo 7 ne kacal. Da na leƙa sai na ga kuɗinsu na rana ya ɗara wanda nake biya yanzu. Mu shida ne a gidan, da lantarki ake girki, injin wanki kuwa ba ya hutawa. Tsorona kada abin da na rage a mota ya tafi a kicin.

Injiniya Sadisu: Wa alaikumus salam Malam Aminu. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Kafin kowa ya ambata maka sunan kamfani, ba mu amsar abu uku. Mil nawa kake yi a shekara? Takardun MOT, wato na gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, za su nuna maka. Yunit nawa gidan ke sha a shekara, ban da mota? Yana jikin takardar kuɗin wutarka. Sannan a ina motar take kwana?

Aminu Bradford: Amin Injiniya, na gode. Kusan mil 8,000 nake yi. Gida ya sha yunit 4,200 bara. Ina da wurin ajiye mota a ƙofar gida, nan take kwana.

Injiniya Sadisu: To mu buga lissafi a fili kowa ya gani. Irin motarka tana yin kamar mil uku da rabi da yunit ɗaya, idan an haɗa rani da hunturu. Mil 8,000 ke nan yunit 2,300 ne. Ƙara kashi goma cikin ɗari, domin ba duk wutar da ta bar mita ke shiga batir ba, wata tana salwanta a hanya ta zama zafi. A ce 2,500. A kan kwabo 26, fam 650 ke nan a shekara. A kan kwabo 7, fam 175. Ratar fam 475 ce.

Yanzu ɓangaren da yake ba ka tsoro. A ce kuɗin rana ya hau da kwabo 3, a kuma ce duk yunit 4,200 na gidan da rana ake shan su, abin da ba zai yiwu ba tunda firiji ba ya barci. Ƙarin fam 126 ne. Cire shi daga 475, saura kusan fam 350 a aljihunka. Kai kam lissafinka ya fita, ka koma.

Maman Husna: Injiniya, lissafin nan na Malam Aminu ne, kada wata ta karanta ta ɗauka nata ne. Tawa motar kai yara makaranta ce da zuwa kasuwa da masallaci ranar Juma'a. Da ƙyar take cika mil 2,000 a shekara. Gidan kuwa yunit 5,000 muke sha, don akwai injin busar da kaya, ga firiza biyu, ga tukunya a kan wuta tun daga la'asar. Idan na bi hanyarka, motar za ta sha yunit 630, ragin kwabo 19 a kowanne ya ba ni fam 120. Ƙarin kwabo 3 a kan 5,000 kuwa fam 150 ne. Ashe ni faɗuwa zan yi.

Injiniya Sadisu: Hajiya, kin buga daidai, kuma abin da nake so mutane su gani ke nan: ƙaramar tafiya da babban gida, ribar takan ƙanƙance. Sai dai akwai abin da ya rage a naki. A yawancin waɗannan tsare-tsaren, arahar dare ta gidan ce gaba ɗaya, ba ta mota kaɗai ba. A ce kashi ɗaya cikin goma na wutar gidanki, yunit 500, ya faɗa cikin awannin dare. Sauran 4,500 a kan kwabo 29 fam 1,305 ne, na daren fam 35, jimla 1,340. Yanzu kina biyan 1,300. Ƙarin ya dawo fam 40, motar ta rage miki 120, kin tsira da 80. Ba wata riba ce babba ba, amma ba faɗuwa ba ce.

Maman Husna: A takarda na yarda. Amma wa zai tuƙa tuwo ƙarfe ɗaya na dare? Yara suna dawowa ƙarfe uku da rabi da yunwa, maigida yana shigowa bayan magariba. Girkinmu ba na minti goma ba ne, miyar kuka da naman kai sai sun ɗauki lokacinsu, farfesun ƙafar saniya kuwa ba a maganarsa. Injin wanki zan iya saita shi ya tashi da asuba. Na busar da kaya kuwa ba zan kunna in kwanta ba, ko kyauta suke ba da wutar. Masu kashe gobara na ƙasar nan kullum gargaɗinsu ke nan, kada a bar shi yana aiki ana barci. Audugar da ke taruwa a matatarsa ita ke kama wuta. Ina da yara huɗu a saman bene, fam 80 ba ta kai in sa su cikin wannan ba.

Zainab Leeds: Anti kin yi gaskiya a maganar na busarwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga abin da hayaƙi kaɗai ke yi wa huhun yaro. Amma kada ki manta azumi na tafe cikin Fabrairu. Sahur da ƙarfe huɗu zuwa biyar ake yi, cikin awannin araha ke nan. Kuma da hunturu idan kin tashi kafin asuba, injin wanki zai iya gama zagayensa kina farke.

Alhaji Tanimu: Yaran nan kuna magana kamar yau aka fara arahar dare. Tsarin Economy 7, mai arahar awa bakwai da dare, tun 1978 yake. Gidan da na fara zama a Landan da shi na same shi. Hita ce a jikin bango, cike da bulo, tana shan wuta da dare awa bakwai, da rana ta riƙa sakin ɗumi. Kafin isha'i ta huce, lokacin da aka fi bukatarta. Dalilin arahar shi ne tashoshin gawayi da na nukiliya ba a kashe su da dare a kunna da safe, wutar tana nan ba mai sha, sai a karya farashi. Tashar gawayi ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, an rufe ta ƙarshen Satumban 2024, yanzu iska ce ke kaɗa injuna a teku mutane na barci. Har gobe ni Economy 7 nake kai. Tambayata Sadisu, ɗana yana so ya kawo motarsa ya riƙa caji a wurina. Wannan nawa bai isa ba?

Injiniya Sadisu: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Zai yi, amma ba shi ne mafi sauƙi ba. Kuɗin dare na Economy 7 yakan fi na tsarin masu mota tsada sosai, na ranarsa kuma ya fi na kowa hawa, don an gina shi ne saboda gidan da kusan rabin wutarsa da dare yake sha. Ga wani abu kuma: tsofaffin mitoci da yawa agogonsu ba ya canzawa idan an tura lokaci gaba a ƙarshen Maris. Mutum yana zaton araha ta fara sha biyu da rabi, alhali sai ɗaya da rabi. Awa guda ta caji a kan kuɗin rana kowane dare, duk tsawon bazara. Sannan Baba a duba ko mitarka tana cikin masu karɓar umarni ta siginar rediyo. An fara kashe wannan siginar daki-daki tun ƙarshen Yunin 2025, kuma kamfaninka ne ke da alhakin canza maka mita ba tare da ka biya ba.

Alhaji Tanimu: Sun aiko wasiƙa a kan haka, na ajiye ta. Zan sa yaron ya kira su.

Mubarak M.: Jama'a ba sai an wahala ba, kowa ya koma kamfanin wuta na Octopus. Intelligent Octopus Go, daga 11:30 na dare zuwa 5:30 na asuba, gida da mota duka. Ka jona mota, ka faɗa wa manhaja kashi nawa kake so batir ya kai da ƙarfe nawa, shi ke nan. Wanda zai shiga ya yi min magana in tura masa lambar gayyatata, zai samu fam 50.

Alhaji Tanimu: Mubarak, kai ma fam 50 za a ba ka, ko ba haka ba?

Mubarak M.: Haka ne Baba, kowa hamsin.

Alhaji Tanimu: To ka faɗa tun farko. Halak ɗinka ce, ba wanda ya hana. Amma mai ba da shawara idan yana da rabo a ciki, amana ce ya bayyana. Kuma kana jin Maman Husna, kana cewa kowa ya koma. Ba kowa ba.

Mubarak M.: Na karɓi gyara Baba. Amma tsarin yana da kyau tsakani da Allah, shi nake kai.

Injiniya Sadisu: Yana da kyau, sai dai yana da sharaɗi. Dole kamfanin ya iya magana da motarka ko da cajarka ta intanet, don su ne ke zaɓar lokacin da wuta za ta shiga. Ba kowace mota ke cikin jerinsu ba. Idan taka ba ta ciki, sai ka sa caja irin su Ohme ko Zappi. Akwai ƙaninsa, Octopus Go, wanda ba ruwansa da wannan, awa biyar ne daga 12:30, kuɗin ya ɗan ɗara, kai ne za ka saita lokaci a motarka. E.ON Next da EDF da British Gas duk suna da nasu na dare. Malam Aminu ka jera su ka dubi abu huɗu a tare: kuɗin dare, yawan awannin, kuɗin rana, da kuɗin layi da ake cira kullum ko ba ka kunna ko ƙwai ɗaya ba. Wannan na ƙarshen ya haura kwabo 50 a rana a yawancin yankuna, kuma na Bradford daban da na Landan. Da lambar unguwarka za ka nemi farashi, kada ka ɗauki na wani.

Aminu Bradford: Ga inda na tsaya. Ba ni da cajar bango tukuna, da soket na gida nake yi. An ce min sa ta zai ci wajen fam 1,000. Dole ne?

Injiniya Sadisu: Ba dole ba ne a irin tafiyarka. Soket yana ba da kilowat 2.3. Cikin awa shida yunit 14 ke nan, kusan mil 45. Kai kuwa idan aka raba 8,000 a kwanakin shekara, mil 22 ne a rana. Ya ishe ka har da saura. Cajar bango kilowat 7 ce, awa shida ta ba ka yunit 42, wajen mil 140. Amfaninta ranar da ka dawo daga Landan batir ya yi ƙasa kuma gobe da safe akwai wata tafiyar.

Amma soket ɗin nan ina roƙonka ka kira mai gyaran wuta ya duba shi. An yi shi ne don butar shayi ta minti uku, ba don ya ja wuta mai nauyi awa shida kowane dare ba. Bayan awa ɗaya da jonawa ka je ka taɓa filogin da bayan hannunka. Ɗumi kaɗan ba komai. Idan ya yi zafin da ba ka iya barin hannu, ko ka ga robar gefen ramukan ta fara yin ruwan ƙasa, ko ka ji ƙauri, cire nan take. Kuma kada a kuskura a haɗa da doguwar wayar ƙari, musamman wadda ake naɗewa a gangarta. A naɗe take tara zafi har ta narke.

Bashir Direba: Duk ina karantawa, amma ni ba wanda ya taɓo matsalata. Haya nake yi a Manchesta, kuma da dare nake aiki, don nan kuɗin yake, filin jirgi da masu dawowa daga gari. Ƙarfe 11:30 da kuke cewa a jona mota, ni lokacin nake tsakiyar aiki. Ina shigowa gida bayan asuba, araha ta ƙare. A waje nake caji, masu saurin nan, kwabo 75 zuwa 80 yunit ɗaya. Wallahi wani satin idan na haɗa, bai fi kuɗin man da nake sha a tsohuwar Prius ɗita sauƙi ba.

Zainab Leeds: Yaya Bashir, har da haraji a ciki. Wutar gida VAT ɗinta kashi 5 ne, ta cajar waje kashi 20. Wato wanda ba shi da ƙofar gida ta ajiye mota, wanda galibi shi ne mai ƙaramin ƙarfi, shi ke biyan haraji ninki huɗu a kan wuta iri ɗaya. Wannan abin yana ci min rai ƙwarai.

Injiniya Sadisu: Malam Bashir, mil nawa a shekara, kuma kana da inda za ka jona a gida?

Bashir Direba: Wajen 25,000. Akwai fili a bayan gida, mota tana shiga.

Injiniya Sadisu: To kai maganarka ta fi ta kowa girma a zauren nan. Mil 25,000 yunit 7,100 ne. A kan kwabo 75, ya haura fam 5,300. A gida, ko a kan tsarin gama-gari na kwabo 26 ba tare da wata araha ba, bai kai fam 1,900 ba kafin a ƙara ɗan abin da ke salwanta. Ka manta da kwabo 7 tukuna. Cajar bango za ka sa, ka dawo da asuba ka jona, ka kwanta, kafin la'asar ta cika. Cikin 'yan watanni ta biya kuɗinta.

Bayan nan sai a nemi ƙari. Tsarin arahar dare kai cutarwa zai yi maka, don za ka riƙa caji a kan kuɗin ranarsu mai tsada. Akwai iri biyu da za ka duba. Na farko irin OVO Charge Anytime: gida yana nan kan tsarinsa, wutar da ta shiga mota kaɗai ake yi wa ragi, a duk lokacin da manhajarsu ta zaɓa. Na biyu irin Agile na Octopus, wanda farashi ke canzawa kowane rabin awa, ana fitar da na gobe tun yau da yamma. Tsakar rana da bazara yakan sauko saboda hasken rana, daga 4 zuwa 7 na yamma kuma ya yi tashin gwauron zabi. Ranar sanyi da babu iska yana iya kaiwa fam guda yunit ɗaya. Mai iyali da ke girkin yamma da lantarki ban ba shi shawarar wannan ba.

Bashir Direba: Na farkon ya fi kwanta min. Ba ni da natsuwar duba farashi kowane rabin awa, barci nake yi.

Injiniya Sadisu: Ka tambaye su farashin da suke kai yau kafin ka sa hannu, don waɗannan lambobin suna motsi. Kuma mai sa cajar zai duba babban fiyus na gidan. Tsofaffin gidajen jere da yawa amfiya 60 ne da su, caja kaɗai tana jan 32. Idan aka haɗa da shawa mai lantarki da murhu, ya cika. Masu kula da layin yankinku ne ke ɗaga shi zuwa 80 ko 100, ba kamfanin da kake biya ba.

Lawal Abuja: Ina bin ku daga gida. Mu nan tun Afrilun 2024 da aka kai Band A, rukunin layukan da suka fi samun wuta a Najeriya, naira 225 yunit ɗaya, daga baya aka ɗan rage, zaɓin tsari ba a hannunka yake ba. Layin da ya biyo unguwarku shi ne rukuninka, dare da rana kuɗi ɗaya. Masu motar lantarki da na sani a nan sola suka dogara da ita, da rana suke caji.

Zainab Leeds: Ni kuma ga tawa. Haya nake a bene, hawa na biyu, motar tana kwana a filin ajiye motoci na ginin. Na ji akwai tallafin gwamnati na sa caja ga 'yan haya da masu zama a irin gidajenmu, amma sai da izinin mai gida a rubuce, shi kuwa har yau bai amsa ba. Abu na biyu, mita. An sa min smat mita, amma ba ta aika karatu. Ƙaramin allon da ke kicin layi-layi kawai yake nunawa inda lamba ya kamata ta fito. Na kira kamfanin, sun ce sigina ba ta isa ɗakin mitoci da ke ƙarƙashin ginin. To duk tsarin nan da kuke lissafawa ba wanda zai karɓe ni, ko?

Injiniya Sadisu: Gaskiya sai mita tana aika karatun kowane rabin awa, don da shi suke bambance wutar dare da ta rana. Ki rubuta musu ƙorafi a rubuce, ba ta waya ba, ki ajiye kwafi. Idan sati takwas suka wuce ba gyara, kina da damar kai su gaban Energy Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin kamfanonin wuta da abokan cinikinsu, kyauta ne. Malam Aminu kai ma ka tabbatar taka tana aikawa kafin ka nemi sauyi. Maganar caja kuma, ki nemi sauran maƙwabta masu sha'awa ku rubuta wa masu kula da ginin tare, don su ma akwai tallafin da aka ware wa masu gidajen haya. Kafin nan ki tambaya a asibitinku ko akwai cajar ma'aikata, takan fi ta kan titi sauƙi nesa ba kusa ba.

Alhaji Tanimu: Zainabu, kada dai ki zuro waya ta taga. Na ga ana yi a layinmu, waya ta ratsa hanyar masu tafiya a ƙasa, an rufa mata tabarmar ƙofa. Tsoho irina ya yi tuntuɓe da ita, ke za a nema.

Zainab Leeds: Ba zan yi ba Baba, in sha Allahu.

Aminu Bradford: Saura abu ɗaya. Na duba takardata da kyau, ashe yarjejeniyar shekara guda nake kai mai tsayayyen farashi, saura wata uku ta ƙare, kuma akwai tarar fita fam 50.

Injiniya Sadisu: Doka ta ce idan saura kwana 49 ko ƙasa da haka yarjejeniya ta ƙare, ba su da ikon cin tararka. Kai saura wajen sati shida ka shiga wannan zangon. Ribarka kusan fam 30 ce a wata, wato abin da za ka rasa idan ka jira da abin da za ka biya idan ka fita yau sun yi kusan kunnen doki. Fara tambayar kamfanin da kake ciki ko suna da tsarin mota, wasu sukan yafe tarar idan a cikinsu za ka sauya. Kuma ka tambayi duk wanda za ka koma wurinsa ko farashin nasa tsayayye ne na shekara ko mai motsi, tunda Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta, tana sake ƙayyade farashi duk wata uku, a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba.

Maman Husna: Ni dai ina nan inda nake sai na ga lambobin gidana da idona. Kashi ɗaya cikin goma da ka ce, Injiniya, ƙiyasi ne, yana iya fi, yana iya kasawa. Ta yaya zan san ainihin abin da muke sha tsakanin sha ɗaya da rabi da biyar da rabi?

Injiniya Sadisu: Idan mitarki tana aikawa, shiga manhajar kamfaninki, wajen da ake nuna amfani, ki zaɓi na rana ɗaya, za ki ga ginshiƙai 48, kowanne rabin awa. Idan ba su fito ba, sai kin ba su izinin ɗaukar karatun rabin awa a saitin asusunki. In kuma mitar tsohuwa ce, ki rubuta lambar da ke jikinta kafin ki kwanta, ki sake rubutawa idan kin tashi sallar asuba, na tsawon sati guda har da Asabar da Lahadi. A daren da aka yi cajin mota ki sa alama a gefe, don mu ware nata daban. Ki turo min lambobin nan zauren mu buga tare.